Asusun da Ya Yi Shiru Wata Uku

Muntari Buba mutumin Jega ne, kuma duk wanda ya san shi ya san shi da abu biyu: bincike da shara. Tun yana ƙarami ba a ajiye rediyo kusa da shi a je a dawo a same ta yadda aka bar ta. Sai ya kwance bayanta ya ga ta inda maganar ke fitowa. Da ya girma ya tafi Sakkwato ya karanta ilimin kwamfuta, ya dawo halin yana nan. Sai dai binciken Muntari a kan na'ura yake tsayawa. Zai iya wuni yana bin waya ɗaya don ya gano inda ta dosa, amma mutumin da suka shekara suna gaisawa, in ka tambaye shi ɗan wane gida ne, sai ya hau sosa ƙeya. Ga shi kuma ba ya ƙaunar tarkace ko kaɗan. Abin da bai ga amfaninsa yau ba, da wuya ya kwana a gabansa. Shi a wurinsa wannan tsabta ce, kuma yana alfahari da ita.

A shekarun da wayar salula ta fara shiga ƙauyukan Kebbi, aka buɗe wata cibiya mai taimakon manoma da ake kira Cibiyar Rani da Damina. Babban ofishinta yana Jega, tana da reshe a Aliero, tana da wani a Maiyama. An haɗa ofisoshin uku da dogayen turakun sadarwa, aka ware wani ɗan ɗaki a Jega, shi kaɗai ne mai na'urar sanyaya iska a duk ginin, aka ajiye babbar kwamfutar da ke riƙe da sauran. Ma'aikata suna ce mata uwar garke. A cikinta rajistar masu shiga take. Kowane ma'aikaci yana da asusunsa a rajistar, da sunansa, da kalmar sirrinsa, da rukunin da yake ciki, da jakar da yake adana aikinsa. Ko a wane gari cikin ukun mutum ya zauna, da ya buga sunansa da kalmarsa sai jakarsa ta bayyana a gabansa. Kwamfutocin reshe ba sa riƙe komai, duk ajiya tana Jega.

Injiniyan da ya kafa tsarin ya samu aiki a Abuja ya tafi, aka ɗauki Muntari a gurbinsa. Ranar da aka miƙa masa makullin ɗakin nan mai sanyi, kai ka ce an yi masa kujerar Makka. A makon farko ya share ɗakin tas, ya kwashe duk abin da ya ga ya tsufa ya zubar, ya ɗaure wayoyi kashi-kashi. Daga nan ya zauna yana karantar rajistar reshe-reshe, yana mamakin yadda aka tsara ta kamar gari mai unguwanni, kowace unguwa da gidajenta.

Shugaban cibiyar, Malam Ɗantsoho, tsohon malamin gona ne, kuma shi ma ba baya ba ne wajen son sanin abu. Wata safiya ya leƙo ɗakin, ya tsaya hannuwa a baya yana kallon fitilun da ke ƙyaftawa.

"Wai Muntari, ƙaƙa abin ga ka gane ni? Jiya Maiyama niz zamna, sai ga takarduna sun biyo ni awa sun hau mota."

Muntari ya ji daɗin tambayar. Ya gyara zama ya shiga bayani. Ya ce uwar garke tamkar mai gadi ce a bakin ƙofa, duk wanda ya zo sai ta duba rajista ta ga ko tana da shi, sannan ta duba ɗakunan da aka yarda ya shiga. Ya nuna masa rukunin masu lissafi da rukunin malaman gona, ya nuna masa yadda ake ƙara mutum da yadda ake cire shi. Malam Ɗantsoho ya gyaɗa kai, ya ce lalle ilimi da faɗi yake, ya fita yana murmushi. Shi kuwa Muntari ya wuni yana jin kansa a sama.

To, a reshen Maiyama akwai wasu ma'aurata da ke aiki tare. Mijin, Malam Ayuba, malamin gona ne mai yawon ƙauyuka a kan babur. Matar, Malama Amatullahi Bashar, ita ce ke zaune a ofis a gaban kwamfuta. Shekara ta uku ke nan suna bin wata matsala da ta daɗe tana ci wa manoman yankin tuwo a ƙwarya, wato ruɓewar albasa a rudu. Manomi zai cire albasarsa da rani, ya jera ta a rudu, wannan rumfar ajiya ta kara da ciyawa, da niyyar ta kai lokacin da za ta yi daraja. Kafin damina ta ƙare sai ya tarar wani lokaci rabi ta narke. Malam Ayuba ya lallashi manoma a Sarandosa da Alelu da Jiga Birni suka ba shi rudunansu ya yi gwaji. Wani aka ɗaga shi daga ƙasa, wani aka sauya masa rufi, wani aka bar albasar ta ƙara shan iska kafin a jera. Yana zagayawa da sikeli yana auna abin da ya rage, yana ɗaukar hoto, yana naɗar hirarsa da masu rudun. Da ya dawo sai ya miƙa wa matarsa, ita kuma ta shigar da komai cikin jakarta ta uwar garke. Shi ko asusu ba shi da shi, yana cewa yatsunsa na gona ne. Ita kuwa, saboda gudun kada wani ya taɓa lambobin bisa kuskure, ta sa injiniyan farko ya koya mata yadda ake kulle fayil, ta kulle su duka.

Aikin ya zo ƙarshe. Abin da ya rage kawai shi ne a haɗa sakamakon shekaru ukun a gaya wa manoma hanyar da ta fi, kafin cirar albasa mai zuwa. Ana cikin haka, da kaka, zazzaɓi ya kwantar da Malam Ayuba, bai yi mako ba Allah ya karɓi abinsa.

Ma'aikatan Jega suka cika motar ofis suka tafi Maiyama ta'aziyya, har da Muntari. Kamar yadda aka saba, maza suka zauna a tabarmi a ƙofar gida, mata suna ciki. Aka yi addu'a, aka yi ta faɗin kyawawan halayen mamaci. Duk wanda ya buɗe baki sai ya ce Allah ya ba iyalinsa haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari. Ba wanda ya ambaci sunan matar, don ba a kama sunan matar mutum a taron maza. Muntari ya yi jimami da gaske, domin Malam Ayuba ya taɓa kawo masa kwandon albasa har ofis. Amma bayan an shafa fatiha idonsa ya koma kan lasifikar masallacin da ke kallon gidan, yana ta lissafin yadda aka ja mata waya. Ya ji ana cewa iyalin marigayi ma a cibiya take aiki. Bai tambayi sunanta ba, bai tambayi aikin da take yi ba. Malama Amatullahi ta shiga takaba, takardar hutunta ta tafi ofishin ma'aikata ta kwanta a fayil, aka ci gaba da harkoki.

Bayan wata uku uwar garke ta fara nauyi. Mutum ya buga sunansa sai ya jira kamar mai jiran shayi ya huce. Muntari ya duba ya ga ma'ajiyarta ta kusa cika. Ya ɗauko littafin da ya zo da shi daga makaranta, ya sami wurin da aka ce duk asusun da ya yi wata uku ba a shiga ba haɗari ne, domin ƙofa ce da aka bari ba mai tsaro. Wannan magana gaskiya ce, ba wanda zai musa. Sai dai littafin bai tsaya nan ba. Ya ce a fara dakatar da asusun, a bar shi da kayansa, a nemi mai shi, sai an tabbatar ba mai dawowa sannan a goge. Muntari ya karanta wannan ma. Amma asusun da aka dakatar yana nan a rajista da jan tambari a jikinsa, jakarsa kuma tana nan ta tare wuri. Shi kuwa fili yake so, kuma jan tambarin nan tsaya masa yake a ido.

Ya sa na'ura ta fito masa da duk asusun da suka yi shiru. Suka fito da dama. Akwai na 'yan bautar ƙasa da suka gama suka tafi, akwai na ɗaliban da ke zuwa koyon aiki, akwai wasu na gwaji da injiniyan farko ya bari. Ya je ya gaya wa Malam Ɗantsoho yana so ya yi shara. Dattijon ya ce ba laifi, amma ya fara tambayar shugabannin reshe, don su suka san mutanensu. Muntari ya ce to, ranka ya daɗe.

Da ya koma ɗakinsa sai ya ga wannan hanya ta yi tsawo. Sai an kira Aliero, an kira Maiyama, wannan ya ce sai ya duba, wancan ya ce a kira gobe. Sai dabara ta faɗo masa, kuma har ya yaba wa kansa. Ya rubuta saƙo ya ce duk wanda ke son asusunsa ya amsa cikin mako guda, ya aika saƙon cikin asusun da suka yi shirun. Jama'a, mutumin da bai shiga ba wata uku, ta ina zai ga saƙon da aka ajiye masa a ciki? Wannan daidai yake da ka leƙa ɗakin da ba kowa ka ce wanda ba ya nan ya ɗaga hannu. Muntari da duk wayonsa bai ga haka ba, ko kuma ya gani ya kau da kai.

Mako ya cika, ba wanda ya amsa. Ya zauna ya fara gogewa ɗaya bayan ɗaya, asusu da jakarsa. Da ya iso kan wani mai suna Amatullahi Bashar, reshen Maiyama, sai ya dakata, domin jakar ta fi ta kowa girma. Abin ya ba shi mamaki. Ya buɗe ya ga fayiloli jere reras, sunayensu da koren rubutu maimakon baƙi. Ya danna ɗaya, na'ura ta hana shi, shi da ke riƙe da makullin komai. Nan fa sha'awarsa ta motsa. Ya ajiye shara ya koma littafi, ya yi rabin wuni yana karanta yadda wannan kulle yake aiki. Ya gano cewa na'ura tana ƙera wa mai asusu wani makulli na sirri ta ajiye shi tare da asusun, kuma da shi kaɗai ake buɗe fayilolin. Ya jinjina wa waɗanda suka ƙirƙiro abin, ya ce Turawa sun iya aiki.

Abin da ke ba ni haushi a labarin nan ke nan. Mutumin da ya ba da rabin wuni don ya san yadda aka kulle jaka, bai ba da minti ɗaya don ya san mai jakar ba. A daidai lokacin Yahaya direban cibiya yana tsakar gida yana wanke mota, mutumin da ke zuwa Maiyama a kai a kai, wanda ya san kowa har da mai shara. Ta taga ma za a iya tambayarsa. Muntari ya yanke wa kansa hukunci cewa wata ɗaliba ce da ta zo koyon aiki ta cika wuri da hotuna ta tafi. Na'ura ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata.

Washegari uwar garke ta koma gudu. Ma'aikata suka yi ta yi masa sannu da aiki, wani ma ya sayo masa tsire. Malam Ɗantsoho ya tambaye shi ko ya tuntuɓi mutanen, ya ce an aika wa kowa saƙo, ba wanda ya amsa. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi inda saƙon ya tafi ba. Akwai kwafin ajiya da na'ura ke ɗauka, amma fayafayan kaɗan ne, duk wata sabo yana hawa kan tsoho. Wata ya zagayo, sabon kwafi ya danne na da, Muntari bai ko tuna ba.

Ana fara shirin cirar albasa Malama Amatullahi ta fita takaba. Ta yi kwana biyu tana karɓar baƙi, sannan ta shirya ta tafi ofis da niyyar ƙarasa aikin mijinta. Ta zauna a kujerarta ta buga sunanta da kalmar sirrinta. Na'ura ta ce ba ta san ta ba. Ta sake, ta sake, a tsammaninta ita ce ta manta. Shugaban reshen ya kira Jega a waya. Muntari ya ce ai ƙaramin abu ne, a ba shi minti biyar. Ya buɗe sabon asusu da suna iri ɗaya, harafi bai bambanta ba, ya ce ta gwada. Ta shiga kuwa. Jakar ta buɗe fayau, ba ko fayil ɗaya a ciki.

Kashegari da hantsi Malam Ɗantsoho ya aika a kira Muntari. Ya shiga ofis ya tarar da wata mata zaune a gefe, ta rame, ta lulluɓe da mayafi mai duhu. Ya gaishe ta, ta amsa a hankali.

"Muntari, wagga ita ta Malama Amatullahi, iyalin marigayi Malam Ayuba. Takaba tac cika, ta dawo aiki. Ta ce ba ta ga kayanta ba."

Muntari ya sake duban matar. Sai a lokacin sunan da ya gani a rajista da gidan da ya je ta'aziyya suka haɗu a kansa. Shi ɗan Musulmi ne, a gidan Musulmi ya tashi, ya san takaba wata huɗu ce da kwana goma, ya ga gwaggonninsa sun yi. Amma da ya ɗauki wata ukun littafi ya aza a kan mutanen Maiyama, ko sau ɗaya bai tuna cewa a ƙasar nan mace tana iya ɓacewa daga ofis fiye da haka ba tare da ta bar aiki ba. Ya ce a ba shi lokaci, in sha Allahu za a samo.

Ya koma ɗakin sanyi yana gumi. Ya duba fayafayan ajiya ɗaya bayan ɗaya, duk an ɗauke su ne bayan sharar. Ya kira Maiyama ya ce a duba takardun da marigayi ke rubutu a kai a gona. Aka buɗe sito aka tarar rufin ya yi yoyo da damina, gara ta gama da abin da ruwa ya bari. Ba wanda ya kula da su tun farko, tunda kowa ya san komai yana cikin kwamfuta. Na'urar ɗaukar hoto da ta naɗar murya kuwa, duk lokacin da aka kwashe abin da ke ciki sai a share su don fita ta gaba.

Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Sannan ya tuna cewa ana gab da rasuwar Malam Ayuba ya taɓa kwafe jakunkunan ma'aikata a wani faifai na daban, ya tafi da shi Aliero koyar da ma'aikata, ya manta shi a can. Ko sallama bai yi ba ya hau babur. Malama Balkisu, sakatariyar reshen Aliero, ta ce ai kuwa akwai wani baƙin abu a durowarta, ta daɗe tana son ta tambayi mai shi. Ya jona shi a kwamfuta. Ga jakar nan, cike, fayiloli jere da korayen sunayensu. Muntari ya yi hamdala har Balkisu ta tambaye shi ko haihuwa aka yi masa.

Ya dawo Jega ya sa aka kira Malama Amatullahi. Washegari Yahaya ya kawo ta, Malam Ɗantsoho ma ya shigo ɗakin ya tsaya. Muntari ya zuba fayilolin cikin sabuwar jakarta, ya ja mata kujera, ya ce ta shiga da sunanta ta buɗe. Fuskarta ta ɗan saki da ta ga sunayen: rudun Sarandosa shekarar farko, awon Alelu bayan ruwan farko, hira da manoman Jiga Birni. Ta danna na farko. Na'ura ta ce ba ta da izini. Ta danna wani, amsa ɗaya.

Muntari ya karɓi kujerar. Ya mallaka mata jakar, ya ba ta kowane irin izini da tsarin ke da shi, ya sa ta cikin rukunin manya. Bai buɗu ba. Ya shiga da nasa asusun, bai buɗu ba. Ya san dalili, shi da kansa ya karanta shi ranar da ya yi sharar. Uwar garke ba da suna take gane mutum ba. Duk asusun da aka buɗe tana ba shi wata doguwar lamba a ɓoye, kuma in an goge shi ba ta sake ba wa wani wannan lambar har abada. Sabuwar Amatullahi baƙuwa ce a wurinta, suna kawai suka tara da ta da. Makullin da ke buɗe fayilolin ya tafi tare da tsohon asusun, faifan Aliero kuwa jakunkunan aiki kawai ke cikinsa.

Saura hanya ɗaya. Ya fita waje ya kira injiniyan farko a Abuja ya tambaye shi ko ya bar makullin ko-ta-kwana. Injiniyan ya ce ƙwarai kuwa, ai ba a kafa irin wannan tsari ba tare da shi ba. Ya ce yana cikin wani ɗan faifai mai jan salatif, a kwalin tsofaffin fayafayai, a durowar ƙasa. Muntari ya san kwalin. Yana cikin abubuwan da ya kwasa ya zubar a makonsa na farko, kuma a gabansa aka cinna wa bolar wuta. Ya yi godiya ya kashe wayar, ya daɗe a tsaye a rana kafin ya iya komawa ciki.

Bai ɓoye komai ba, wannan kam a ba shi. Ya tsaya a gabansu ya faɗi yadda aka yi tun daga farko, ya ce fayilolin suna nan amma ba mai iya buɗe su, ko shi, ko wanda ya fi shi. Malam Ɗantsoho ya yi salati ya zauna a bakin tebur. Malama Amatullahi ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana kallon allon kwamfutar, sannan ta juyo.

"Malam Muntari, ni ban san aikinku ba. Abu guda nika son in sani. Da kag ga sunana, wa kat tambaya?"

"Na aika saƙo, Malama."

"Ina kab bi da shi?"

"Cikin asusunki."

"Ni ko ina ɗaka ina takaba."

Malam Ɗantsoho ya yi ƙoƙarin ba ta haƙuri, ya ce in Allah ya ba da rai za a sake gwajin, cibiya za ta tsaya mata. Ta ce ta gode. Ta ce awon albasa ana iya sakewa, ko da yake wanda manoma suka yarda da shi suka buɗe masa rudunansu ba ya nan.

"Amma akwai muryatai ciki, shina hira da manoma, shina dariya. Ɗiyarmu ba ta yi wayo ba da yar rasu. Na ce in ta girma in kunna mata ta ji ubanta."

Muntari ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ta sake juyawa ga allon, ta riƙa gangarawa da sunayen fayilolin a hankali tana karantawa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ƙarshe. Sannan ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Wanga dai kak ka goge shi," in ji ta tana nuna fayilolin, ta fita.

A shekarar nan manoman Sarandosa da Alelu da Jiga Birni suka jera albasarsu yadda suka saba, ta kuma ruɓe yadda ta saba. Waɗanda suka ba da rudunansu shekara uku suka yi ta tambayar ina sakamako, ba amsar da za a ba su. Malama Amatullahi ta faɗi abin da ta iya tunawa da ka, amma ba ta yarda a kai wa manoma shi a matsayin tabbas ba, don ta ce mijinta ba ya faɗin abin da bai auna ba. Ba ta daɗe ba ta ajiye aikin ta koma gidan iyayenta da 'yarta. Ba a kori Muntari ba, amma Malam Ɗantsoho ya kafa doka cewa ba a sake goge asusun kowa sai shugaban reshensa ya zo da bakinsa ya ce mutumin ya tafi. Muntari ya yi shekaru yana gwada duk wata sabuwar dabara da ya ji labari a kan faifan nan na Aliero, ya kai shi Kaduna, ya kai shi Legas. Bai buɗu ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba amanar rajistar mutane da ajiyarsu, ya sani cewa bayan kowane suna akwai mutum da uzurinsa. Shirun asusu ba ya nufin mai shi ya tafi. Wataƙila yana jinya, ko tana jego, ko tana takaba. Ƙa'idar da aka karanto a littafi sai an auna ta da rayuwar mutanen da za a aza wa ita. Abin da ake iya dakatarwa kada a yi gaggawar goge shi, abin da ba a san amfaninsa ba kada a zubar sai an tambayi wanda ya ajiye. Son sani hali ne mai kyau, amma kada ya ƙare a kan na'ura ya bar mutane. Kafin ka danna abin da ba ya dawowa, tashi ka je ka tambaya.